Kunne Ya Girmi Kaka: Tarke a Kan Koyar da Fasahar Sauti ga Ɗaliban Share Fage

1.0 Gabatarwa

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, wani abokin aikina da ke koyar da darasin share fage a fannin kafofin watsa labarai, a wata babbar makaranta, ya gayyace ni in zauna tare da shi mu saurari ayyukan ɗalibansa 'yan aji ɗaya. Aikin da ya ba su mai sauƙin faɗi ne. Kowane ɗalibi zai fita da rikoda ko wayarsa ta hannu, ya ɗauko sautin wani wuri ko na wata sana'a, ya zauna gaban kwamfuta ya tace shi, ya tsara shi har ya zama abin saurare na 'yan mintoci, sannan ya saka shi inda jama'a za su ji. Watau dai matakai uku ke nan: ɗauka, da tacewa, da yaɗawa.

Mun yini muna saurare, kuma tilas in yaba wa yaran, domin ta fuskar sarrafa na'ura babu wanda ya gaza. Amma na tashi daga wurin da wata damuwa, wadda ita ce dalilin rubuta wannan maƙala. Na lura cewa mafi yawansu sun ɗauki matakan nan uku a matsayin aikin hannu kawai, kamar wankin kwano ko ɗaurin kaya, alhali kuwa kowane ɗaya daga cikinsu hukunci ne da ɗalibi yake yankewa a kan abin da ya cancanci a ji da wanda bai cancanta ba. Manufata a nan ita ce in nuna cewa darasin da ya koya wa ɗalibi danna maɓalli kafin ya koya masa saurare ya fara gini ne daga rufi. Zan kafa hujja da ayyuka uku daga cikin waɗanda na ji, ba tare da ambaton sunan kowa ba, in kuma gwada su da abin da magabatan wannan fasaha suka yi.

2.0 Mece Ce Fasahar Sauti?

Abin da ake nufi da fasahar sauti shi ne a ɗauki sautukan duniya kamar yadda suke, irin su takun ƙafa da kukan tsuntsu da ƙarar inji da muryar mutum, a mayar da su kayan aiki, kamar yadda magini yake yi da ƙasa ko marini da baba. Wannan bai yiwu ba sai da aka sami hanyar kama sauti a ajiye, abin da ya faro daga garmahon da Thomas Edison ya ƙera a Amurka a 1877.

Yana da kyau manazarci ya san cewa ɗaya daga cikin ayyukan farko na wannan fasaha a nahiyarmu aka yi shi. A 1944 wani matashi ɗan Masar, Halim El-Dabh, ya ari rikoda mai naɗar sauti a kan siririyar waya daga wani gidan rediyo a Alƙahira, ya ɗauko muryoyin mata a wurin bikin zar. Shi zar ɗin nan yana da kamanni da borinmu, har ma a Sudan akan haɗa sunayen biyu a ce zar-bori. Da ya koma ɗakin aiki sai ya yi ta sarrafa muryoyin, yana ƙara musu amsa-kuwwa, yana rage wasu sassan amonsu, har suka zama wani abu dabam. Bayan shekara huɗu, watau a 1948, Pierre Schaeffer na gidan rediyon Faransa ya ɗauki ƙarar jiragen ƙasa a wata tasha a birnin Paris, ya harhaɗa ta a kan faifai, aka watsa a rediyo a watan Oktoba na wannan shekara. Daga baya kuma, a Kanada, R. Murray Schafer ya karkata akalar zancen daga na'ura zuwa kunne. A 1967 ya fitar da wani ɗan littafi na darussa wanda ma'anar sunansa ita ce sakace kunne, inda yake sa ɗalibai su yi shiru su lissafa duk abin da suke ji. Shi ne kuma ya jagoranci wani shiri a Jami'ar Simon Fraser na nazarin sautukan muhalli.

Kada mai karatu ya zaci Bahaushe baƙo ne a wannan fage. Matan da ke lugude sun daɗe da mayar da ƙarar taɓarya kiɗa. Maƙeri da mai zuga masa suna da nasu amon da duk ɗan unguwa ya sani, kuma makaɗin kalangu yana kwaikwayon hawa da saukar muryar Hausa har a gane abin da yake faɗa. Ashe ke nan ɗalibinmu yana zuwa aji da kunnen da al'adarsa ta riga ta horar. Abin tambaya shi ne ko darasin yana ɗora gini a kan wannan horo, ko kuwa yana sa ɗalibi ya ji kunyarsa.

3.0 Ɗauka

Aiki na farko da zan duba na wani ɗalibi ne da ya zaɓi kasuwar ƙauyensu. Abin da muka ji shi ne muryar mutum ɗaya, wani mai tallar magani, tana fitowa tangaram daga farko har ƙarshe, sai wani ɗan gunji a bayanta kamar ruwa na zuba daga nesa. Da aka tambayi ɗalibin ina kasuwar take, sai ya ce ai ya matsa kusa da mai maganin ne don ya kauce wa hayaniya. Bai lura ba cewa hayaniyar da ya kauce wa ita ce aikin da aka aike shi ya ɗauko.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a ce an sanar da shi tun kafin ya fita. Na farko, makirufo ba kunne ba ne. Kunnen ɗan Adam yana tare da ƙwaƙwalwa mai zaɓe, shi ya sa mutum zai iya jin muryar ɗansa a tsakiyar taron suna. Makirufo kuwa abin da ya fi kusa da shi yake fifitawa, kuma a fili, duk lokacin da aka ninka nisan da ke tsakaninsa da mai sauti, ƙarfin sautin yakan ragu da kimanin desibel 6. Saboda haka taku biyu gaba ko taku biyu baya suna iya sauya wanda ake ji da wanda ya ɓace. Na biyu, ita wayar hannu an ƙera ta ne domin magana, don haka da yawa daga cikinsu suna da tsarin da ke ɗaga muryar da ke kusa, ya danne abin da ke bayanta, ba tare da mai wayar ya nema ba. Watau tun ɗalibi bai zauna gaban kwamfuta ba, wayarsa ta riga ta yanke hukunci a madadinsa.

Amma a nawa ganin kuskuren ya wuce na rashin sanin na'ura. Ɗalibin ya taso yana jin labaran rediyo, inda murya ɗaya ce sarauniya, sauran duka datti ne, sai ya ɗauka haka kowane ɗaukar sauti yake. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, kuma ga alama wannan karin magana ta yi tasiri a ajin, domin an ɓata makonni ana koya wa yara inda za su tsaya da kyamara, amma ba a ba su ko awa ɗaya ba su zauna a bakin kasuwa, ido rufe, su rarrabe kiran mai ruwa da kukan akuya da kaɗawar ma'auni a cikin buhun gero. Wanda bai taɓa jin kasuwa da kunnensa a natse ba, babu makirufon da zai jiyo masa ita.

4.0 Tacewa

Aiki na biyu ya fi na farko kyau nesa ba kusa ba, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. Wata ɗaliba ce ta ɗauki kakarta tana yi wa jikoki tatsuniya da dare. Muryar tsohuwar mai daɗi ce ƙwarai, labarin kuma ya tafi tiryan-tiryan babu tangarɗa. Sai dai na ji wani abu bai zauna ba, na roƙi a kunna mana ainihin abin da aka ɗauko kafin a taɓa shi. Nan fa bambanci ya bayyana. A cikin na asalin, yara sun amsa kalmomin buɗe tatsuniya baki ɗaya. Akwai inda tsohuwar ta yi shiru na ɗan lokaci kafin ta faɗi abin da kura ta yi, har wani yaro ya ƙagu ya tambaya. Akwai dariya, da tarin wani dattijo daga zaure, da gyare yana kuka a gindin danga. Ɗalibar ta yanke amsar yara, ta tsuke wuraren shiru, ta share gyare. Abin da ya rage shi ne tsohuwa tana magana ita kaɗai a cikin wani ɗaki da babu shi a duniya. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Kowane manazarcin adabin baka ya san cewa tatsuniya aikin taro ce, kuma shirun mai ba da ita yana cikin dabarun jan hankali, daidai da kalmomin bakinta. Haka abin yake a waƙar baka. Da yawa daga cikin waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na sauran makaɗan zamaninsa, a filin wasa aka ɗauke su, da 'yan amshi da sanƙira da guɗa da hayaniyar jama'a. Daga irin waɗannan muryoyi na gefe ne mai nazari yakan gane inda aka yi waƙa da wanda aka yi wa da yadda taro ya karɓe ta. Da masu ɗaukar wancan zamani sun mallaki kayan sharar da ɗalibanmu suka mallaka a yau, kuma suka yi aiki da su da irin wannan himma, da mun gaji waƙoƙi masu tsabta waɗanda ba su da tarihi.

Akwai kuma wata illa da ta shafi harshe kai tsaye. Manhajar kwamfuta irin su Audacity, wadda ta fito a shekarar 2000 kuma kyauta ake samun ta, tana rage hayaniya ne ta hanyar a nuna mata samfurin abin da ba a so, ita kuma ta bi dukkan aikin tana zare duk abin da ya yi kama da shi. To, baƙaƙen zuzau irin su s da sh da z, a yanayin furucinsu, iska ce ke gogar mafurta, watau su ma wani nau'in shuuu ne. Idan aka tsananta shara, sai manhajar ta haɗa da su, muryar ta koma kamar ana magana a cikin tulu. Na ji haka a wurare da dama cikin muryar tsohuwar nan. Ɗalibin kimiyyar harshe da zai so ya nazarci furucin karin harshenta nan gaba, ba zai sami abin dogaro a wannan aiki ba.

A nan wani zai iya cewa: ai fasaha ce aka ce a yi, kuma mai fasaha yana da 'yancin yanka da ɗinki. El-Dabh da Schaeffer ba su bar sauti yadda suka same shi ba. Wannan magana gaskiya ce, kuma ba na neman a hana ɗalibi almakashi. Abin da nake cewa shi ne a rarrabe tsakanin aiki iri biyu. Akwai aikin shaida, wanda ke ce wa mai saurare ga abin da ya faru, akwai kuma aikin ƙirƙira, wanda ke ce masa ga abin da na yi da abin da ya faru. Dukkansu halal ne. Laifin yana wurin a yi na biyu a sa masa rigar na farko. Wanda ya ji jiragen Schaeffer ya san ba a tasha yake ba, amma wanda ya ji aikin ɗalibar nan zai ɗauka haka kakarta take ba da tatsuniya. Misali mai kyau a nan shi ne na Hildegard Westerkamp, wadda ta yi aiki tare da Schafer. A wani aiki da ta yi a 1989 a bakin teku a birnin Bankuba, da bakinta take gaya wa mai saurare cewa ga ƙugin birni nan, kuma yanzu za ta yi amfani da na'ura ta kawar da shi don a ji ƙananan sautukan da ya danne. Ta yi shara, amma a gaban idon jama'a.

Aiki na uku ya tabbatar mini cewa ɗan aji ɗaya ma zai iya haka. Wata ɗaliba ta ɗauki mata uku suna daka. Ta bar mu muka ji su yadda suke, da hirarsu da kukan kaji, na kusan minti ɗaya. Daga nan sai ta ware bugun taɓarya guda, ta yi ta maimaita shi, tana ɗora wani a kan wani, har ya zama kamar tashin ganguna, sannan a hankali ta sake shi ya koma cikin tsakar gida, muka ji ɗaya daga cikin matan tana cewa a miƙo mata rariya. Babu wanda ya ruɗe game da inda shaida ta tsaya da inda ƙirƙira ta fara. Ta fuskar tsabtar sauti aikinta bai kai na mai tatsuniya ba, har akwai inda iska ta bugi makirufo. Duk da haka shi ne aikin da na fita ina tunawa.

Ya kamata a tuna cewa a zamanin tef, mai tacewa da reza yake yanka, ya liƙe da salatif, kuma a tef mai gudun santimita 19 cikin daƙiƙa, shirun daƙiƙa biyu abu ne mai tsawon da za a riƙe a hannu a duba kafin a jefar. Wahalar aikin takan sa mutum ya yi tunani sau biyu. Kwamfuta ta ɗauke wannan wahala, kuma madalla da haka, amma sai ya zama wajibi malami ya dawo da tunanin ta wata hanya.

5.0 Yaɗawa

Mataki na uku shi ne wanda darasin ya fi yi wa riƙon sakainar kashi. An koya wa ɗalibai yadda za su matse aikinsu ya yi ƙanƙanta, su ɗora a intanet ko su tura ta WhatsApp, aka tsaya nan. Da na tambayi mai tatsuniya ko kakarta ta san cewa muryarta ta fita duniya, sai ta yi murmushi ta ce ai kakarta ce. Mai kasuwa kuwa bai ko san sunan mai maganin da ya cika aikinsa ba.

Wannan matsala ta girmi ɗalibanmu. Shi kansa El-Dabh ya ba da labarin cewa sai da suka lulluɓe kawunansu kamar mata kafin su shiga wurin zar, domin ba a barin maza. Muna yaba hazaƙarsa, amma matan da muryoyinsu suka zama harsashin aikin ba a nemi yardarsu ba. Wani misalin da ya fi wannan tsanani shi ne na wata mata mai suna Afunakwa, daga tsibiran Solomon, wadda masanin kiɗa Hugo Zemp ya ɗauki waƙarta ta reno, hukumar UNESCO ta fitar a faifai a 1973. A 1992 wasu makaɗan Faransa biyu da ake kira Deep Forest suka ɗauki muryarta suka ɗora a kan kiɗan zamani, waƙar ta zagaye duniya, aka sami dukiya mai yawa. A 1996 kuma wani mabushi ɗan ƙasar Norwe, Jan Garbarek, ya sake busa karin waƙar, ya danganta ta ga Afirka, nahiyar da ba ta da alaƙa da ita. Steven Feld ya bi diddigin wannan al'amari a wata maƙala da ya buga a shekarar 2000. Zemp da niyyar ilimi ya ɗauka, amma magana zarar bunu ce, kuma sautin da aka naɗa ya fi ta saurin tafiya.

A Nijeriya akwai Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta tanadi kariya har ga ayyukan gargajiya na al'umma, akwai kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. Ya dace ɗalibi ya san da su. Amma tun kafin doka, Bahaushe yana da kalmar da ta wadatar, watau amana. Tsohuwar da ta saki jiki ta yi tatsuniya a gaban jikarta, ga jikokinta ta yi, kuma kusancin da ya sa ta yarda shi ne ya ƙara wa amanar nauyi.

Wani ɓangare na yaɗawa da aka manta shi ne ajiya. Matse sauti domin ya yi saurin tafiya yana zubar da wani sashe nasa wanda ba ya dawowa. Ɗalibai da dama sun goge na asali da zarar sun tura na matse, don wayarsu ta sami wuri. Mai tatsuniya ta yi sa'a nata yana nan. Bugu da ƙari, kusan babu wanda ya rubuta rana da wuri da sunan abin da ya ɗauka. David Ames da Anthony King, a ƙamus ɗinsu na kalmomin kiɗan Hausa da suka buga a 1971, sun haɗa kowane kiɗa da masu yin sa da lokacin da ake yin sa, domin sun gane cewa sautin da aka raba da bayaninsa rabin amfaninsa ya tafi.

6.0 Kammalawa

Na san halin da malaman wannan darasi suke ciki: ɗalibai sun yi yawa, makonni kaɗan ne, kayan aiki ba su wadata ba, wutar lantarki kuma sai a hankali. Saboda haka shawarwarin da zan bayar ba masu cin kuɗi ba ne. Na ɗaya, a keɓe makon farko ga saurare zalla, ɗalibi ya zauna wuri ɗaya ya rubuta abin da ya ji da Hausa, da kalmominmu na amo irin su ƙara da gunji da ƙugi da sowa da raɗa, kafin a ba shi izinin taɓa rikoda. Na biyu, kowane aiki ya zo tare da na asalinsa, da 'yar takarda mai bayyana abin da aka yanke da dalilin yankewa, a kuma ba da maki a kan dalilin. Na uku, ɗalibi ya faɗa tun farko ko shaida yake yi ko ƙirƙira. Na huɗu, kada a karɓi aikin da babu yardar masu muryar cikinsa, kuma yardar tana iya zama ta baki, a naɗe ta a farkon ɗauka, bayan an yi musu bayanin inda muryarsu za ta je. Na biyar, sashe ya tanadi taskar da za a riƙa ajiye na asali da bayanansa.

Ɗaliban da ke wannan aji su ne gobe za su zauna a gidajen rediyo da ɗakunan shirya fina-finai, su ne za su yanke abin da jikokinmu za su ji game da yadda muka yi magana da waƙa da ciniki. Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka, domin yana jin abin da ya faru tun ba a haifi kaka ba. Amma kunnen gobe abin da aka ajiye masa kaɗai zai ji. Na ji daga abokin aikina cewa mai tatsuniya ta koma wurin kakarta, ta kunna mata ayyukan biyu, na asali da na tace, ta kuma nemi izininta. Tsohuwar ta ba da izini, amma ta ce a fitar da wanda yara suke ciki.